Manhajar shagon taki: Ionic, React Native ko Flutter?

"Assalamu alaikum Malam. Na gama karatun kwamfuta a nan Gombe. Na iya HTML da CSS da JavaScript, na ɗan taɓa React. Wani Alhaji mai sayar da taki da iri da maganin feshi, yana da babban shago a cikin gari da rassa a Kumo da Bajoga, ya ce in yi masa manhajar waya wadda yaransa za su riƙa shigar da ciniki da bashi, ta fitar da rasit, kuma ta yi aiki ko babu netwok. Da na shiga bincike sai kaina ya ɗaure. Wannan ya ce Ionic, wancan ya ce Cordova ya mutu, wani ya ce React Native, abokaina kuma duk Flutter suke koyo. Ta yaya zan auna su in zaɓi ɗaya? Kwamfutata RAM ɗinta 4GB ne." Daga wani matashi, unguwar Pantami.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan aiki, ya sa Alhajin ya biya a kan lokaci.

Tambayarka a fili ita ce wanne ya fi. Amma ba ka lura ba, rabin amsar ka riga ka rubuta ta da hannunka: rasit, babu netwok, yaran shago, Bajoga, RAM 4GB. Waɗannan kalmomi biyar sun fi duk jadawalin kwatance da za ka gani a intanet amfani, domin masu rubuta waɗancan jadawalai suna gwaji ne a kan iPhone da Samsung masu tsada, a ofis mai intanet ɗin da ba ya yankewa. Kai kuwa manhajarka za ta zauna ne a cikin itel ɗin yaron shago, wadda gilashinta ya tsage, ajiyarta ta cika da bidiyon WhatsApp, ga layin manoma a gabansa a watan Yuni kowa na son buhunsa kafin motar ƙauye ta tashi. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka sa wannan wayar ta yanke maka hukunci. Amma bari mu fara raba sunayen nan da ka jera, don ba jinsi ɗaya ba ne.

Sunaye huɗu, jinsi uku

Abin da ake kira manhaja ruwa-biyu a asali shi ne shafin yanar gizo da aka sa wa rigar manhaja. A cikin kowace wayar Android akwai wata ƙaramar burauza marar fuska mai suna WebView, a iPhone kuma WKWebView. Kai za ka rubuta HTML da CSS da JavaScript ɗinka kamar yadda ka saba, a naɗe su cikin fayil ɗin manhaja, idan aka buɗe ta sai WebView ta nuna su a cikakken allo. Shi JavaScript da ke cikin burauza ba ya iya kai hannu ga duk abin da ke cikin waya, don haka ake gina masa gada zuwa kyamara, Bluetooth, ajiyar fayil da sauransu. Waɗannan gadoji su ne fulogin, kuma a can ciki da Java ko Kotlin ko Swift aka rubuta su. Ka riƙe wannan, don kusan duk kukan da za ka yi nan gaba a kan gadar nan za ka yi shi.

Wani ƙaramin kamfani na Kanada mai suna Nitobi ne ya shahara da wannan dabara da PhoneGap. Adobe ya sayi kamfanin a 2011, aka miƙa ainihin aikin ga gidauniyar Apache, ya koma Cordova. Adobe ya rufe PhoneGap a watan Oktoban 2020. Shi Cordova bai mutu ba, har yanzu ana fitar da sabo, amma da yawa daga fulogin ɗinsa masu su sun watse, ka ga wani shekara biyar ba a taɓa shi ba. Ionic ya fito a 2013, kuma shi ba gada ba ne, kayan ado ne: maɓallai, jerin kaya, shafuka masu zamewa, don shafinka ya yi kama da manhajar gaske. Da farko a kan Cordova da AngularJS ya dogara. A 2019 mutanen Ionic suka fitar da tasu gadar mai suna Capacitor, suka kuma sake fasalin Ionic yadda zai yi aiki da React ko Vue ko Angular. Saboda haka idan wani ya tambaye ka Ionic ko Cordova, ya haɗa riga da gangar jiki. Zaɓin gaske shi ne Cordova ko Capacitor a ƙasa, sannan Ionic ko Framework7 ko Quasar ko ma CSS ɗinka kawai a sama.

React Native, wanda Facebook ya sake a 2015, jinsi na biyu ne. Da JavaScript ake rubuta shi, da salon React ɗin da ka taɓa, amma babu WebView, babu HTML, CSS ɗin ma kwaikwayo ne. Maɓallin da mutum zai gani na Android ne na ainihi. Tarihin yana da ban sha'awa: a 2012 Mark Zuckerberg ya fito fili ya ce dogaro da HTML5 a manhajarsu ta waya shi ne babban kuskuren da kamfanin ya yi, kuma daga wannan ciwon ne aka nemi wata hanya. Har yau mutane na kafa hujja da maganar nan don kushe manhaja ruwa-biyu, sun manta wayoyin 2012 da WebView ɗin wancan zamani ake nufi. Shi ma React Native ɗin yana da nasa labarin ta fuska biyu: Airbnb ya bar shi a 2018, Shopify ya rungume shi a 2020. Manyan kamfanoni masu ɗaruruwan injiniyoyi sun saɓa a kansa, don haka kar wani ya ce maka an gama magana.

Flutter na Google, wanda cikakkensa na farko ya fito a Disamban 2018, ba fasahar yanar gizo ba ne sam. Da yaren Dart ake rubuta shi, kuma shi yake zana kowane abu a allo da injinsa. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai iliminka na HTML da CSS ba zai bi ka can ba, sabon karatu za ka buɗe, kuma a kan aikin mutum wanda ya riga ya ba ka kafin alƙalami ba a nan ake koyon sabon yare ba.

Abin da ya faru da ni a shagon hatsi

Shekarun baya na yi wa wani dillali a Tudun Hatsi irin wannan aiki, da Cordova. A kwamfutata komai tsaf. A wayata ma tsaf. Na je shagon da safe cike da alfahari, aka kawo shayi, yaron Alhaji ya miƙo wayarsa na tura masa manhajar ta Xender. Ya danna. Farin allo. Ya sake dannawa, farin allo fat, ko harafi ɗaya babu. Alhaji bai ce komai ba, ya dai ci gaba da jan carbinsa, wanda ya fi mini zagi ciwo.

Abin da ya faru shi ne WebView ɗin wayar yaron tsohuwa ce. Tun daga Android 5 a 2014 Google ya mai da WebView abin da ake sabuntawa ta Play Store, wanda dabara ce mai kyau a ƙasar da data ba ta da tsada. A nan kuwa abu na farko da mai sayar da waya ko abokinka zai yi maka shi ne kashe sabuntawa ta kai tsaye don kar ta cinye data. Wayar yaron tun da aka ɓare ta daga kwali ba a sabunta komai a cikinta ba. Ni kuma na rubuta JavaScript na zamani wanda tsohuwar burauzar ba ta sani ba, ta ci karo da layi ɗaya da ba ta gane ba ta ajiye aikin gaba ɗaya. Na haɗa wayar da kwamfuta da igiya, na buɗe chrome://inspect, sai ga jan rubutun yana kallona. Gyaran bai kai minti goma ba, saitin fassara kod zuwa tsohon salo ne kawai. Amma na koyi cewa a manhaja ruwa-biyu injin da ke tafiyar da aikinka ba a hannunka yake ba, yana hannun mai wayar. React Native da Flutter kowa da injinsa yake tafiya a cikin fayil ɗin, shi ya sa suka fi nauyi wajen saukewa, shi ya sa kuma ba sa yin irin wannan ba-zata. Ka ƙara da cewa tsofaffin wayoyi akwai ranar da sabuntawar ke tsaya musu ko da data: Chrome ya daina zuwa wa Android 7 tun ƙarshen 2023.

Na gyara wannan, sai aka zo kan rasit. Firintar irin ƙaramar nan ce ta hannu mai takarda milimita 58 da kake gani wajen masu POS. Ta haɗu da wayar bayan ɗan kokawa, ta yi ƙara, takarda ta fito. Sunan mai saye ya ƙunshi ƙ, sai ga alamar tambaya a gurbinta. Alamar naira ma haka. Yaron ya ɗaga takardar ya ce, "Yallaɓai, ita ma tambaya take nawa ne?" Aka yi dariya har da Alhaji, na samu sauƙi.

Waɗannan firintoci suna jin wani tsohon yare ne mai suna ESC/POS wanda Epson ya ƙirƙiro, kuma haruffan da aka dasa musu ba su haɗa da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Mafita biyu ce. Ko dai ka mai da haruffan b da d da k da y, ka sa N a madadin alamar naira, ko kuma ka zana rasit ɗin gaba ɗaya a matsayin hoto, yawanci faɗin ɗigo 384, ka tura. Hoton ya fi kyau, har tambarin shago za ka iya sawa, amma ya fi jinkirin fitowa, kuma a ranar kasuwa jinkiri faɗa ne. Ni na zaɓi ta farko a jikin rasit, hoto a kan tambari kawai. Ka lura wannan matsala babu ruwanta da firemwok, wato wanda ka zaɓa cikin sunayen nan don gina manhajar. Ko da Flutter ka yi za ka same ta tana jiranka.

Gwajin kwana uku

To ga yadda nake aunawa yanzu, kuma shi nake so ka yi. Kar ka fara da shafin shiga da launuka da tambari, wannan kowane firemwok zai yi maka shi. Ka ɗauki abin da ya fi wuya a aikin ka fara da shi. Ka je shagon Alhaji ka nemi aron wayar da ta fi kowacce rauni a cikin na yaransa, ka sa ya sayi firinta ɗaya tun yanzu, ainihin wadda za a yi aiki da ita. Sannan ka gina ƙaramar manhaja mummuna, allo ɗaya, a Capacitor, idan kana da ƙarfi ka maimaita ta a React Native. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ranar farko ta firinta ce. A nan akwai ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Bluetooth iri biyu ne: na gargajiya da mai ƙaramin caji da ake kira BLE. Yawancin firintoci masu araha da na gargajiya suke magana, wasu na jin duka biyun. Fulogin da yawa masu kyau da ake kula da su na BLE ne kawai. Idan ka sa wanda bai dace ba, wayar za ta yi ta nema ba ta ga firintar ba, kai kuma ka kwana kana zargin kod ɗinka. Sannan daga Android 12 an canza yadda ake neman izinin Bluetooth, tsohon fulogin da ba a gyara shi ba, sai ya yi aiki a tsohuwar waya ya faɗi a sabuwa. Saboda haka kafin ka ɗauki fulogin ka buɗe shafinsa a GitHub, dandalin da masu kod ke ajiye ayyukansu, ka duba abu uku: yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, ƙorafe-ƙorafen mutane ana amsa su ko suna nan jibge, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da shi ko ƙungiya. Yawan taurari ba ya faɗa maka komai, tsohon suna ne. Idan React Native kake gwadawa ta hanyar Expo, wato kayan aikin da ke sauƙaƙa gina shi, ka sani manhajar Expo Go da ake gwaji da ita cikin sauƙi ba ta ɗaukar irin wannan fulogin, sai ka gina naka kwafin gwaji.

Rana ta biyu ta ajiya ce, kuma a nan zan daɗe, don nan ne amanar Alhaji take. Mai koyo yakan zuba ciniki a localStorage saboda sauƙi. Kada ka yi. Wurin ƙarami ne, kusan megabait 5, kuma shi da IndexedDB duk ajiyar burauza ce, wadda ba a yi alkawarin za ta dawwama ba idan waya ta cika. Littafin bashi kuwa ba abin da za a ce ya ɓace ba ne. Ka yi amfani da SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanai da ke zama a cikin wayar, ta fulogin, ka zuba masa ciniki na ƙarya kamar dubu ashirin, ka ga daƙiƙa nawa bincike yake ɗauka a wayar nan mai rauni. Ka kashe wayar ana tsakiyar adanawa. Ka cire batir idan mai cirewa ce. Ka kunna ka ga me ya rage.

Aiki ba netwok kuma ya wuce ajiya kawai. Tunanin da ya kamata ka ɗauka shi ne wayar ita ce littafi na farko, saba kuma, wato kwamfutar da ke can a intanet, ita ce inda ake tara kwafi idan netwok ya samu. Kowane ciniki wayar ce za ta ba shi lambarsa ta musamman, irin UUID, ba saba ba, in ba haka ba reshen Kumo da na Bajoga za su fitar da rasit mai lamba ɗaya. Ciniki idan ya shiga ba a goge shi ba a gyara shi, sai dai a shigar da wani da ke warware shi, kamar yadda akanta mai hankali ba ya kankare littafi. Wannan yana kashe rabin rigimar haɗa bayanai, yana kuma hana yaro ya sayar da buhu ya share sawu. Ka tanadi cewa tura abu ɗaya sau biyu ba zai ninka shi ba, domin netwok yakan yanke bayan saba ta karɓa kafin amsa ta dawo, wayar ta zaci bai je ba ta sake turawa. Kar ka yarda da agogon waya, za ka ga wadda ke zaune a wata shekarar daban, ka ajiye lokacin waya da lokacin da saba ta karɓa. Kuɗi kuma ka lissafa shi da kwabo, lamba cikakkiya. Ka buɗe burauzarka yanzu ka rubuta 0.1 + 0.2, JavaScript zai ba ka 0.30000000000000004. A kan ciniki ɗaya ba komai ba ne, amma ranar da jimillar wata ta saɓa da ta littafin Alhaji ko da naira ɗaya, ya daina yarda da manhajar, ya koma biro.

Abu guda da WebView ke da rauni a kansa a nan: idan aka fita daga manhajar, JavaScript ɗinta yakan tsaya, kuma wayoyi masu araha suna da zafin hannu wajen kashe abin da ke aiki a bayan fage don tattalin caji. Kar ka yi wa Alhaji alkawarin cewa bayanai za su riƙa tafiya da kansu da dare. Ka sa babban maɓalli da ke nuna ciniki nawa ne ba su tafi ba, manhajar ta gwada turawa duk lokacin da aka buɗe ta, yaro kuma ya saba dannawa kafin ya rufe shago. Abin da ido ke gani ya fi abin da ake zato.

Rana ta uku ta santsi ce. Ka zuba kaya ɗari biyar a jeri ka ja allon da yatsa da sauri. Ka buɗe fom ka ga ko allon rubutu yana rufe wurin da ake cikewa. Ka danna maɓallin komawa baya na Android ka ga ko zai fitar da kai daga manhajar ana tsakiyar ciniki. Ka rubuta kasa a wurin bincike ka ga ko zai samo ƙasa, don babu yaron shagon da zai tsaya neman ƙ mai lanƙwasa. A nan React Native da Flutter suka fi, ba gardama. Amma idan ka yi amfani da jerin da ke zana abin da ke kan allo kaɗai, ka rage inuwa da motsin ado, ka matse hotuna, manhajar fom da jeri irin taka ba wanda zai gane bambancin a shago.

Kwamfutarka, aljihunka, da shekara uku masu zuwa

Ka ambaci RAM 4GB kamar abin kunya, alhali ma'auni ne na gaske. Android Studio, wanda da shi ake gina manhajar Android a kwamfuta, 8GB yake nema a ƙalla, wayar kwaikwayo da ke cikinsa kuwa ka manta da ita. Daɗin Capacitor shi ne mafi yawan aikin a Chrome za ka yi shi kamar kana gina shafi, sai lokacin gwada firinta da SQLite ka haɗa waya da igiya. Ginin farko zai sauke kayan Gradle masu yawa, wato injin da ke harhaɗa fayil ɗin manhajar, ka yi shi inda akwai intanet mai ƙarfi da wuta, ba da datar wayarka ba. Idan kwamfutar ta gaza, GitHub Actions zai iya gina maka fayil ɗin a sabarsu, Expo ma yana da irin wannan hidima ga React Native. Idan kuɗin kafin alƙalami ya isa, ka ƙara RAM kafin ka sayi komai.

Sannan ka tambayi Alhaji tambayar da za ta rage maka rabin wahala: akwai mai iPhone a cikin yaran? Kusan tabbas babu, sai dai shi. Gina manhajar iPhone yana buƙatar Mac, da dala 99 duk shekara, kuma Apple yana da ƙa'idar ƙin manhajar da shafin yanar gizo ne kawai aka naɗe. Shi Alhaji rahoto yake son gani, nawa aka sayar a Bajoga yau, wa ake bi bashi. Wannan shafin yanar gizo ne, ya buɗe a Safari. Ga kuma ribar da ba a cika faɗa ba: da Capacitor, kod ɗin da ka rubuta wa yara shi ne zai zama shafin Alhaji da ɗan gyara.

Play Store ma ba dole ba ne ga manhajar da mutum goma za su yi amfani da ita. Rajista dala 25 ce sau ɗaya, amma sabon asusun mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji 12 na kwana 14 kafin a bar shi ya saki manhaja, kuma duk shekara Google yana ɗaga matakin Android ɗin da dole sabuntawarka ta dace da shi. Ka ba su fayil ɗin APK kai tsaye, ka sa manhajar ta riƙa duba saba ta sanar idan akwai sabo. Abu ɗaya: mabuɗin da ka sa wa fayil ɗin hannu da shi ka adana shi wuri biyu ko uku. Idan ya ɓace, sabon kwafi ba zai hau kan tsoho ba sai an cire tsohon, cirewa kuma tana tafiya da duk cinikin da bai je saba ba.

Wani zai ce me ya sa ba za a yi PWA kawai ba, wato shafin da ake ɗorawa a fuskar waya ya yi aiki ba netwok. Da babu firinta da na ce ka duba shi da kyau. Amma a tsofaffin Chrome na Android, Bluetooth ɗin da ake ba shafi na BLE ne kawai, ajiyar PWA kuma ta burauza ce. Abu biyun da suka fi muhimmanci a aikinka su ne inda ya fi rauni.

Ma'auni na ƙarshe shi ne wa zai riƙe aikin idan ka samu aiki a Abuja ko ka tafi ƙarin karatu. jQuery Mobile da aka yi yayinsa an sallame shi a 2021. Xamarin na Microsoft tallafinsa ya ƙare a Mayun 2024. PhoneGap ka ji labarinsa. Shi kansa kamfanin Ionic, OutSystems ya saye shi a 2022. Babu wanda ke da tabbacin dawwama, don haka nake auna nawa ne daga aikina zai tsira idan firemwok ya faɗi. A Capacitor kusan duka, domin shafi ne, gadar ce kawai za a sauya. Kuma duk wanda ya fito daga Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere ko ATBU ta Bauchi da ya iya JavaScript zai buɗe ya gane. Ka taimaki wannan mutumin tun yanzu: duk inda kod ɗinka ke taɓa firinta ko SQLite ka tara shi a fayil ɗaya ko biyu, kar ya watsu a kowane shafi.

Hukuncina

Ga wannan aikin, da abin da ka iya, da kwamfutar da kake da ita: React da Capacitor da SQLite, ka ɗora Ionic a sama idan kana son kayan adonsa. Cordova kar ka fara sabon aiki da shi, kodayake idan fulogin ɗin firintar da ya yi maka aiki na Cordova ne, Capacitor yana karɓar da yawa daga cikinsu. Idan a ranar farko firintar ta ƙi duk fulogin ɗin da ka samu, ko a rana ta uku wayar ta yi ta sarƙewa duk da ka rage nauyi, ka koma React Native, React ɗinka zai bi ka. Ko ka rubuta ƙaramar gadarka da Kotlin, wanda bai kai yadda ake jin tsoronsa ba, don tura bayanai zuwa firinta bai wuce shafi biyu na kod ba.

Wannan hukunci iyakarsa manhajar fom da jeri da lissafi. Da Alhaji ya ce yana son bin sawun motocinsa a taswira dare da rana, ko kyamara ta riƙa karanta lambar buhu ɗaya bayan ɗaya da sauri, ko manhaja ce ta dubban manoma da za ta yi gogayya a Play Store, da ban ce WebView ba. Kuma ka sani hannuna ya fi nuna a Capacitor da React Native, a Flutter ƙananan ayyuka kawai na yi, don haka idan a cikin abokanka akwai wanda ya kai manhajar Flutter shago ta shekara tana aiki, ka zauna da shi ka ji nasa. Ka koyi Flutter ɗin bayan ka miƙa wannan, da lokacinka.

Da yake za ka riƙe sunaye da lambobin waya da bashin mutane, ka tuna akwai dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. Kowane yaro da lambar sirrinsa, kar reshe ya ga bashin wani reshe, kuma ka tanadi yadda za a toshe waya daga saba idan an sace ta. A yarjejeniyarku da Alhaji ka rubuta kuɗin saba na shekara da kuɗin kulawa daban da kuɗin gini, ku sa hannu kafin damina ta faɗi. Idan ka gama gwajin firintar ka rubuto mini samfurinta da abin da ta fitar.